Tasar da Malam Gidaɗo Ya Ajiye

Ƙarar diga ce ta fara shiga kunnen Jalo direba tun yana zaure, kafin ma kukan mata. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa yana saurare. Ya san gidan rasuwa: akwai salati, akwai kuka, akwai ƙarar guga a rijiya saboda ruwan wanka. Diga kam bai taɓa jin ta ba sai a maƙabarta.

Ya yi sallama ya kutsa. Malam Gidaɗo, maƙwabcinsa na shekara goma sha ɗaya, yana shimfiɗe a rumfar tsakar gida an lulluɓe shi da zane, tun bayan asuba da ya cika. A cikin ɗakin mamacin kuwa, ɗansa Jabiru ne, wanda ya iso daga Misau ko awa guda ba a yi ba. Ya tuɓe riga, ya jingine gado da bango, yana fasa siminti.

"Jabiru, me kake yi?"

"A'a, Kawu Jalo. Ya haƙuri?"

"Ni kake yi wa ya haƙuri? Ubanka ne a waje ko nawa? Me kake tonawa?"

Jabiru ya share gumi da bayan hannu. "Kawu, ai duk Azare an sani. Shekara nawa yana yawo da sandar nan? Mutum ba zai yi ta shan rana a banza ba. Gara in fitar da abin kafin 'yan gaisuwa su cika gida a fara ɗauke-ɗauke."

A ƙasa ga gwangwanayen madara nan ya zazzage. Anini mai huji, makullan da ƙofofinsu suka daɗe da ruɓewa, 'yan kunne ɗai-ɗai babu abokan aure, ƙararrawar wuyan akuya, kan kibiya da tsatsa ta cinye. Kowanne da 'yar takardarsa da rubutun Malam: *Bayan tsohuwar kasuwa, Laraba. Gindin tsamiya, hanyar Gololo.* Jabiru ya tattake su da ƙafa yana neman inda siminti ke amsa kamar ganga.

Shekarun Jalo hamsin da biyu, tumbinsa ya riga shi shiga ko'ina, gwiwarsa ta hagu kuma ta daɗe da yin ritaya ba tare da sanar da shi ba. Ba mutumin faɗa ba ne. Rabon da ya ɗaga murya tun ranar da wani mai tifa ya goge masa madubi, shi ma sai da tifar ta yi nisa. Amma yau ga shi ya ɗaga ta.

Sandar da ake magana tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Na'urar gano ƙarfe ce, doguwa, da faifai a ƙasanta da abin sawa a kunne. Da irinta Malam Gidaɗo ya yi aikin neman bututun ruwa a ƙarƙashin titi shekara talatin. Da ya yi ritaya, sai ya sayi tasa ta kansa. Wasu tsofaffin sukan kama kiwon tantabara, wasu rediyo, wasu gulma a majalisa. Shi ya kama yawo a fili da sanda yana sharar iska da ita, kamar makahon da ƙasa ke yi wa jagora.

Jalo ya taɓa tambayarsa, "Wai Malam, me kake nema ne?"

"Ban sani ba. Da na sani ai da ban fito ba."

Ya ɗaga wani ɗan kunne da ya tono, ya hure masa ƙasa. "Ka ga wannan? Wata yarinya ta sha duka a kansa. Ta yi kuka, ta duba ko'ina, ta girma, wataƙila har ta rasu. Shi kuma yana nan yana jira. Ƙasa ba ta ci, Jalo, ajiya take yi." Idan ya gano mai abu, ya kai masa har gida. Idan bai gano ba, sai gwangwani.

Unguwa dai ba ta yarda ba. Wa zai sha rana saboda makullin da ba shi da ƙofa? Aka ce zinariya yake tarawa. Aka ce tukunyar mutanen da ya haƙo. Jalo ma, in za a faɗi gaskiya tunda yau ranar gaskiya ce, ba don Allah kaɗai ya riƙa kai shi Katagum duk Asabar a tsohuwar motarsa ba. Ya yi lissafin cewa ranar da tukunya ta fito, direba ba zai koma gida da ƙura kawai ba.

"Kawu."

Rahama ce, ƙanwar Jabiru, wadda ta yi jinyar uban. Idonta ya kumbura. Ta ja shi gefen rijiya ta miƙa masa wani littafin 'yan makaranta.

"Baffa ya ce in ba ka. Ya ce a kai shi Katagum, wannan kam Liman ma ya ji, Yaya Jabiru ya yarda, har ya buga wa dangi waya a haƙa kabari. Amma ni ya ƙara mini wata magana. Ya ce in gaya maka saura tsakanin kuka da katanga."

Jalo ya buɗe. Zanen maƙabartar Katagum ne, layi-layi, an soke kowane layi da biro, sai wani tsiri guda ta gabas.

"Saura me?"

"Tasar Inna." Rahama ta sunkuyar da kai. "Da Inna ta rasu a can, shekara huɗu ke nan, washegari ya koma shi kaɗai da tasarta ta tagulla. Na nema a kicin ban gani ba, na tambaye shi, ya ce tana wurin mai ita. A wajen kanta ya binne, don ya ce alamar da ke sama 'yan gwangwan sacewa suke yi. To da damina ta zo, ambaliya ta shafe wurin, yashi ya rufe komai. Tun lokacin yake nema. So yake a sa shi kusa da ita, Kawu."

Jalo ya zauna a bakin rijiya ba tare da ya yi niyya ba.

Dijatu. Matar da ta riƙa aiko masa da fura ta kan katanga duk azumi. Shekara uku yana kai mijinta maƙabarta yana jira a mota yana cin gyaɗa, yana zaton tsohon ya ji labarin wani basarake da aka binne da dukiya.

"Me ya hana shi faɗa?"

"Kawu, Baffa ne fa. Ko sunanta ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya tsaya gaban maza ya ce matarsa yake nema? Ai gara a yanka shi."

Saura kaɗan kuwa a yanka shi. Wata bakwai da suka wuce, wasu samari suka gan shi a maƙabartar da sanda da abu a kunne, suka yi ihun matsafi. Aka taru. Aka watsa masa yashi a fuska, aka tumɓuke masa hula. Ana ta tambayarsa me yake nema a kan matattu, shi kuwa bakinsa gum, fulako ya ɗaure masa harshe. Mai gadin wurin, Baba Adam, shi ya raba, ya kuma ce kada ya sake ganin ƙafarsa. Jalo yana ina? Yana cikin mota, ya ɗaga gilashi har sama, gilashin da ya shekara biyu yana cewa ba ya ɗaguwa.

Tun daga ranar motar Jalo ta kamu da wani ciwo mai ban mamaki. Lafiyarta ƙalau daga Lahadi zuwa Juma'a. Asabar kaɗai take tashi da ciwo. Malam Gidaɗo kan leƙo da sassafe da sandarsa a buhu ya ce, "Yau fa, ya jikin motar?" Jalo ya ce, "Wallahi Malam, kafireto." Tsohon ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya koma ciki. Asabar ɗin da ta wuce ma ya leƙo, yana dafa bango.

Jalo ya miƙe, ya koma ɗakin, ya sa hannu ya sauke sandar daga ƙusa.

"Kawu, ina za ka da ita?" Jabiru ya yar da diga. "Wannan kayan gado ne. Ba a taɓa komai sai an raba, kai ma ka sani."

"Daɓen da kake fasawa fa, na gwamnati ne?"

"Ni ɗa ne."

"To ɗa, ci gaba. In ka kai ruwa ka kira ni, ubanka ya san kan famfo, sai dai ya mutu." Ya juya a bakin ƙofa. "Ƙarfe nawa za ku iso da shi?"

"La'asar. Kabari kuma na riga na sa a haƙa. Ƙasa duk ta Allah ce, Kawu, ba za mu ajiye gawa muna jiran wasan yara ba."

Ranar Talata ce, don haka motar ta tashi a bugu ɗaya. Jalo ya zage ta duk da haka. Ya zage ta a mafitar Azare, ya zagi ramukan hanya, ya zagi wani garken shanu da ya tare titi, ya zagi unguwarsu gida-gida, da masu cewa zinariya da masu cewa tsafi, waɗanda yanzu haka suna kan tabarma suna cewa marigayi mutumin kirki ne. Da ya gama da kowa ya rasa wanda ya rage, sai ya duba madubi.

Rana ta take tsaka ya isa maƙabartar. Daga ƙofa ya hango masu haƙa biyu a ɓangaren yamma, inda ake sabon binni, sun riga sun kai ƙugu. Baba Adam, wani dogon tsohon Babarbare mai tsage a kumatu, yana zaune a inuwar darbejiya. Yana ganin abin da ke hannun Jalo ya miƙe.

"Kai! Ba na ce kada in sake ganin abin nan ba?"

"Mai shi ka ce kada ka sake gani. To ga shi nan tafe da la'asar a makara. Sai ka kore shi in gani."

Baba Adam ya yi salati. "Shi ne ake haƙa wa?"

"Shi ne. Matsafin naku. Ka san abin da yake nema, Baba? Kabarin matarsa. Dijatu 'yar gidan Jauro, ta nan garin. Da hannunka ka binne ta."

Tsohon ya dubi sandar. "To me ya sa bai faɗa ba?"

"Kun bar shi? Bakinsa cike da yashi zai faɗa?"

"Kai da kake ɗaga mini murya, ɗan Azare, ina kake ranar? Ni na ga wani mai tumbi a mota."

"Ni ne," in ji Jalo. "Shi ya sa na zo."

Baba Adam ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki sheburinsa. "Waccan shekarar a layin gabas muke binni. Ita kam cikin na ƙarshe take, bayanta ba a sa kowa ba ruwa ya zo. In ka same ta, akwai wuri. Amma wallahi ni ban san inda take ba. Cire takalminka."

Tsirin da ke tsakanin gindin kuka da katanga fili ne fetal, farin yashi da ƙaya, babu tudu babu alama. Jalo ya yi wa mazauna wurin sallama, ya roƙe su gafarar takawar da zai yi, ya sa abin kunne. Sau biyu kawai Malam ya taɓa koya masa, shi ma rabin hankalinsa yana kan tukunya. Abin da ya riƙe guda ne. "Ka sassauta, ba sharar masallaci kake yi ba. Ka saurara. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi kamar surukin da ba a gaishe shi ba. Tagulla guɗa take."

Surukai kuwa sun cika wurin. Taku uku, gurnani. Baba Adam ya sa shebur: gwangwanin tumatir. Taku biyar, gurnani: ƙusa. Guntun langalanga. Wani allon ƙarfe da tsatsa ta cinye sunan mai shi, suka kafa shi a tsaye suka wuce. Yashin ya gasa wa Jalo tafin ƙafa, gumi ya shiga idonsa, gwiwarsa ta fara kai ƙara. Aka kira azahar, suka yi a gindin katanga suka koma.

Wani abu ya ba shi haushi fiye da zafin. Duk ƙarar da ta shigo kunnensa, sai ya ji gabansa ya faɗi, ya ƙagu ya ga mene ne, ko da ya san ƙusa ce. Da aka tono wani cokali mai lanƙwasasshiyar wuya, ya tsinci kansa yana hure masa ƙasa yana tunanin bakin wa ya shiga. Ashe abin da tsohon yake ji ke nan. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninsu, sai yau da ba shi da wanda zai gaya wa.

Masu haƙa suka gama nasu suka zo kallo. Wasu samari suka leƙo ta kan katanga. Ɗaya ya ce, "Kai, ga wani ma ya zo da ita."

Jalo bai ɗaga kai ba. "Shigo ka watsa mini yashi, ɗan albarka. Yau ba na cikin mota."

Baba Adam ya nuna su da shebur, suka sauka.

Inuwar kuka ta fara miƙewa gabas. Saura layi biyu. Daga nesa Jalo ya ji ƙugin motoci sun sauka daga titi, da muryoyi ana la'ilaha illallahu. Ya so ya yi sauri, ya tuna sharar masallaci, ya sassauta. Ya kai faifan hagu, ya dawo da shi dama.

Can ƙasa-ƙasa, siririya kamar daga wata unguwa, ya ji ta. Ba gurnani ba ce.

Ya tsaya cak. Ya sake wucewa da faifan. Ta sake yi.

"Baba, nan. A hankali."

Tsohon ya kwashe yashi har ya kai gwiwa, sannan ya ajiye shebur ya sa hannu. Lokacin nan aka shigo da makara, Jabiru a gaba da farar riga, ƙurar siminti ba ta gama fita daga gashinsa ba. Suka nufi yamma.

"Ku tsaya!" Muryar da ta fito daga bakin Jalo shi kansa bai san yana da ita ba. "Nan za a sa shi!"

Jabiru ya taho a fusace. "Kawu, don Allah kada ka kunyata mu a garin mutane. Ga kabari an haƙa. Malam Liman, ka yi masa magana."

Bai ƙarasa ba, don Baba Adam ya ɗago da abu a hannu, ya goge shi da gefen riga. Rana ta daki wurin da ya goge, ya yi walƙiya ja-ja.

Jabiru ya fizge ta. "Zinariya ce?"

Jalo ya ɗaga sandar, kuma Allah ne kaɗai ya san inda ya yi niyyar sauke ta. Amma ya ga Jabiru ya juya tasar, babban yatsansa ya faɗa cikin wata loɓawa a gefenta ya tsaya. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Ni na yar da ita," ya ce, ba da kowa yake ba. "Daga kan turmi. Inna ta ce ba za ta gaya wa Baffa ba."

Liman ya yi gyaran murya ya dubi rana. Baba Adam ya auna taku biyu daga inda tasar ta fito, ya ja layi da ƙafa, ya ce wa masu haƙa, "Wancan ku bar shi, ba zai rasa mai shi ba. Bismillah."

Suka ce sun gaji. Jabiru ya ajiye tasar a kan yashi, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya karɓi diga.

"Wannan kam ka iya," in ji Jalo. Bai yi niyyar ta fito ba, amma bai janye ta ba.

Aka ajiye makara a inuwar kuka ana jira. An kusa awa guda kafin a sa shi, har wasu 'yan Azare suka fara duba agogo suna maganar hanya. Jalo ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har suka mayar da hannuwansu aljihu. Aka jera itace, aka toshe da laka, aka tura ƙasa, aka yi addu'a. Jama'a suka watse zuwa motoci. Jabiru ya tsaya kamar zai ce wani abu game da sandar, ya dubi hannuwansa da suka yi kanta, ya bi su.

Jalo ya durƙusa da ƙyar, gwiwar tana tsine masa. Ya tona rami da hannu a tsakanin sabon tudun da wurin da babu tudu, zurfin kamu ɗaya, ya kife tasar a ciki, ya mayar da yashi ya daddanna. Baba Adam ya koma gindin darbejiyarsa.

Ya miƙe, ya sa abin kunne, ya wuce da faifan sau ɗaya a kan wurin. Guɗar ta fito tar, kusa-kusa. Ya saurare ta har ta ƙare, sannan ya kashe na'urar, ya tafi neman inda ya bar takalmansa.